Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Rabin Hula

A makon jiya na tsaya inda muka dawo daga asibiti hannu rabbana. Ko gawar ɗana ba a ba mu mun wanke ba, saboda amai da gudawar da suka ratsa garin Marwa da ƙauyukansa a arewacin Kamaru a daminar 2010. Da azumi a bakinmu. Shekararsa tara.

Kun san ɗan fari ne, kuma mai sunan Malam. Tun da na haife shi bakina bai taɓa kama sunansa ba, "kai yaro" nake ce masa, a gaban mutane ko ido ba ma haɗawa. Kunyar da na yi masa yana raye ita aka ce in yi masa bayan ransa. Ranar sadakar uku hawaye ya ƙwace mini a bayan rumbu, Gwaggo ta riske ni, ta ce, "Ke! Ba kanki farau ba, ba kanki ƙarau ba." Ta yi gaba da ƙwaryar gumba. Na yafe mata, Allah ya ji ƙanta, amma har gobe in na zura zare a allura sai na ji muryar nan.

Ana cewa ɗinkin hula ne ya warkar da ni. Ni dai na san da farko ko ganin allura ba na son yi. Hular Sallarsa nake kai lokacin da ciwon ya zo, na gama kan, jikin ya kai rabi, zare shuɗi da ruwan ƙwai, shi ya zaɓa da kansa a babbar kasuwa. Na naɗe ta da allurar a soke na jefa ƙasan adaka. Shekarun da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu. Na haifi 'yan biyu, mun tashi daga gidan gandu, shi ke nan.

Wata Bafulatana maƙwabciyarmu ce a unguwar Domayo ta tayar da ni. Idonta ya fara rauni, ta kawo mini hula biyu da aka zana mata ta ce in cike mata, mai su yana matsa mata. Hausarta kaɗan, Fillancina na kasuwa, sai muka riƙa zama ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida ba mai cewa uffan. A nan na gane wani abu. Mai ɗinki kanta a sunkuye yake, ba mai tambayarta me ya sa idonta ya yi ja. In an matsa sai in ce zare ne siriri. Kukan da Gwaggo ta hana ni a bayan rumbu, a kan hulunan mutane na yi shi, huda bayan huda, mako uku kafin a gama guda.

Daga baya na daina bai wa masu zane, na fara zana nawa da biro. Akwai wani layi mai lanƙwasa da nake sawa a gindin kowace hula. Masu saye suna ce masa kogi. Sawun da yake bari ne in yana jan motar gwangwaninsa a yashin Mayo Kaliyawo da rani, ban taɓa gaya wa ko Malam ba sai yau da nake rubutawa.

Gwaggo ta ce ɗinkin hula aikin marasa abin yi ne. To, lokacin da aka sace Faransawan nan a wajen Waza a 2013 baƙi suka ɗauke ƙafa, masu jima da dukawan kasuwar sana'ar hannu suka shiga wani hali, mu kuwa namu masu sayen suna nan, don Sallah ba ta fashi. Da kuɗin hula na biya wa 'yan biyu makaranta. Ɗan Gwaggo na cikinta ma tawa ya sa ranar ɗaurin aurensa, tana kallo. Ba kanki farau ba, in ji ta. Gaskiya ne, ita ma ta binne huɗu, sai bayan rasuwarta Yaya ta ba ni labari. Da ta zauna ta faɗa mini da bakinta a ranar nan.

Bara na buɗe adaka na ciro rabin hular. Allurar ta yi tsatsa ta bar tabo a yadin. Hassan ya ce in ƙarasa masa, na auna a kansa, ta yi masa kaɗan nesa ba kusa ba. Na sauya allura na mayar da ita.

Mako mai zuwa zan ba ku labarin tafiyarmu Garwa da rigimar gadon Malam.