Abin da mataccen boris ya gaya mini

Ina shekarata ta biyu a sashen gyara na wata masana'antar roba a Sharada, wani moton lantarki ya so ya zubar mini da mutunci. Shi ke juya famfon ruwan da ke sanyaya injuna, kuma boris ɗinsa, wato zobba biyu na ƙarfe da 'ya'ya masu mirginawa a tsakaninsu don injin ya juya sumul, lamba 6308 ne, irin wanda ba a shan wahalar samu a Kano. Duk bayan 'yan watanni sai ya fara wani kuka siriri kamar na sauro, daga nan sai zafi, sai a tsayar da aiki. Sau uku ina canzawa, sau uku ina komawa ofis da magana ɗaya: jabu aka sayo mana. Maganar kuwa tana karɓuwa, domin kowa ya san kasuwa cike take da boris na banza a cikin kwali mai kyau.

A karo na huɗu tsohon makanikenmu, wanda kowa ke kira Baba, ya tare ni ina shirin ɗaura sabo.

"Yaro, ina wanda ka cire?"

"Baba, ai yana cikin shara."

"Je ka ɗauko shi."

Ya yanka zoben waje gida biyu, ya wanke da kananzir, ya miƙo mini a bakin taga. Hanyar da 'ya'yan boris ke bi ta yi layi-layi a jere, a gicciye, tamkar hanyar burji da ta yi gargada bayan damina. Giris ɗin da ya goge kuwa baƙi ƙirin, yana ƙauri. Sai ya ce, "Yaushe aka sa wa moton nan inbata?" Na yi shiru ina lissafi. Tun daga lokacin ne ciwon ya fara.

Inbata mai daidaita gudun moto tana kunnawa da kashe wuta sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan yana tara lantarki a jikin shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a tsakiyar moto, shi kuma sai ya nemi hanyar zuwa ƙasa. Hanya mafi kusa ita ce ta cikin boris. Abin da ya raba ƙarfe da ƙarfe a wurin ɗan siririn mai ne kawai, sai wutar ta huda shi da tartsatsin da ido ba ya gani, ta narkar da ɗan ɗigo a jikin ƙarfen. Ɗigo kan ɗigo, sai ga gargada. Ko boris na asali daga masana'anta ka ɗaura, haka za ta cinye shi.

Muka nemi mai ruwa biyu: zobba na ƙarfe, 'ya'ya na tangaran. Da na ji an ce tangaran sai na tuna kofin shayi, na yi dariya. Ashe silikon naitrayid ne, wanda taurinsa ya kusa ninka na ƙarfen boris, amma nauyinsa kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarfe ne kawai. Ka ɗora ɗaya a tafin hannu, baƙi-baƙi mai sheƙi, sai ka ji kamar an yaudare ka. Rashin nauyin nan ne ya sa ake son sa a injuna masu gudun tsiya, don ba ya matsa wa zoben waje kamar na ƙarfe. Mu dai abin da ya kai mu wurinsa shi ne wuta ba ta ratsa shi. Da manaja ya ga farashi sai da ya cire tabarau, amma ya sa hannu. Baba ya ƙara da cewa a duba mahaɗin moto da famfo, domin wutar da aka toshe wa ƙofa tana iya bi ta can ta faɗa wa boris ɗin famfon. Moton bai sake kuka ba har na bar wurin.

To, nan ne kaina ya kumbura. Na zama mai wa'azin tangaran. Akwai wata fanka da ke zuƙe iska mai zafi, ita ma tana cin boris, sai na matsa aka sayo wanda duka jikinsa tangaran ne, har zobban. Hujjata ita ce tangaran yana jure zafi, kuma gaskiya ne. Abin da ban lissafa ba, in zafi ya hau, ƙarfe yana buɗewa kusan ninki huɗu na silikon naitrayid. Na ɗaura shi dam-dam a kan shaf na ƙarfe, yadda na saba. Da injin ya ɗauki zafi, shaf ya kumbura, zoben ciki bai da inda zai je, ya tsage. Ƙarfe yana lanƙwasa kafin ya karye, shi wannan ba ya ba da sanarwa.

Da muka buɗe tsohon boris ɗin fankar, wanda ya kamata in fara dubawa, babu gargada ko ɗaya. Hanyar ta dushe ne kamar an goga mata yashi, giris ɗin kuma ya zama ja-ja, yana ƙaras-ƙaras tsakanin yatsu. Ƙurar hunturu ce ke shiga ta wata roba da ta bushe ta tsattsage. Maganinta robar da kuɗinta bai kai na abincin rana na mako ba, da boris na ƙarfe mai murfi gefe biyu.

Baba bai yi mini faɗa ba. Ya tattara gutsattsarin zoben a cikin gwangwanin madara, ya ajiye a kan teburina, ya ce, "Ka riƙe, kuɗin kamfani ne." Gwangwanin yana nan tare da ni. A inda nake aiki yanzu, duk boris ɗin da aka cire sai an ɗaura masa takarda mai kwanan wata da lambar inji, kuma yaran sun san kananzir da tsumma suna ƙarƙashin benci na biyu.