Ɗaya a Mahaifa, Ɗaya a Hanya

Laraba, sha ɗaya da rabi na dare.

Ƙafafuna sun kumbura, bayana kamar an yi mini duka da taɓarya, amma barci ya ƙi zuwa. Gara in rubuta tun abin yana da ɗumi, don na san halin kaina: zuwa jibi zan fara gyara labarin yadda zan fito da gaskiya a cikinsa.

Yau ni ce da gabatarwa a zaman karatun da muke yi kafin zagayen marasa lafiya. Binciken E-MOTIVE aka ba ni, wanda aka wallafa a 2023, aka gudanar a asibitoci wajen 80 a Kenya, Najeriya, Afirka ta Kudu da Tanzaniya, da mata fiye da 200,000. Abin da ya burge ni shi ne ba wani sabon magani aka ƙirƙiro ba. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu, jinin ya taru a ciki, a daina kintace. Da ya kai layin da aka sa, sai a haɗa mata komai a lokaci guda: murza mahaifa, allurar oksitosin mai sa mahaifa ta matse, allurar tsayar da jini, ƙarin ruwa, da duba inda jinin yake fitowa, maimakon a gwada wannan a jira, a gwada wancan a jira. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa suka ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Na rufe bayanina da cewa an ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to a ɗakin haihuwa ko ƙimar ma bai sani ba. Aka yi dariya, babban likitanmu ya gyaɗa kai. Na fito ina jin kaina a sama.

Ko awa uku ba a yi ba nawa idon ya ba ni kunya.

Wajen sha ɗaya aka turo mini wata mata, shekarunta za su kai talatin. Cikin fari ne, bayan shekara shida da aure, sati takwas. Ciwon mara tun jiya da daddare, da ɗan ɗigon jini. A hannunta akwai takardar sikanin da aka yi mata a wani wuri kwana uku da suka wuce, ta riƙe ta gam kamar za a ƙwace: ciki yana cikin mahaifa, zuciya tana bugawa. Na kwantar da ita na sa na'ura, ga shi kuwa ɓaro-ɓaro, ɗan ɗigo yana ta walƙiya. Na juya mata allon ta gani, ta yi murmushi duk da ciwon. Na rubuta alamar ɓari, na ce ta huta, na ba ta maganin ciwo, ta dawo bayan sati.

Ba wai ban tuna da cikin wajen mahaifa ba. Na tuna, kuma na soke shi a zuciyata cikin daƙiƙa ɗaya. Tun muna makaranta aka cusa mana cewa duk macen da ta zo da ciwon mara da jini a farkon ciki, a ɗauka cikin a bututu yake, wato hanyar da ƙwai yake bi zuwa mahaifa, har sai an tabbatar ba haka ba. Tabbacin kuwa shi ne ka gan shi a mahaifa. Na gan shi. Shi ke nan, na ajiye na'ura.

Ina wanke hannu sai Sista, tsohuwar ungozomar da saura mata watanni ta ajiye aiki, ta leƙo.

"Likita, zo ki ga wani abu."

Ba ta taɓa ce mini "kin yi kuskure" ba tun da na zo sashen nan. Kullum sai dai "zo ki ga wani abu." Ashe da ta kama matar za ta sauko daga gado, jiri ya ɗebe ta, ta kuma ce kafaɗarta ta dama tana mata ciwo. Sista ta ja fatar idonta ƙasa ta nuna mini. Fari fat. Ta ɗora yatsuna a wuyan hannunta: bugun 116 a minti. Awon jininta 100 bisa 60, shi na kalla ɗazu na ce ba laifi. Alhali na sani sarai mace mai ƙuruciya jikinta yana iya riƙe awon jini har ta zubar da mai yawa, bugun zuciya ne yake fara tona asiri. Ciwon kafaɗar ma karatun aji uku ne: jinin da ya taru a ciki yana taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyar wurin kuma da ta kafaɗa tushensu ɗaya, sai ciwon ya bayyana can sama.

Na mayar da ita gado. Wannan karon na hau da na'urar sama, gefen dama, tsakanin hanta da ƙoda. Baƙin ruwa kwance a inda bai kamata a ga komai ba. Na dawo ƙasa, gefen hagu na mahaifa, ga wani dunƙule. Bakina ya bushe.

"Hajiya, kafin ki samu cikin nan, kin sha wani magani na neman haihuwa?"

Ta ce eh, wata uku tana shan wasu ƙwayoyi daga rana ta biyu ta al'ada, kwana biyar-biyar. Kulomifin ke nan, mai sa ƙwai ya fito, wani lokaci fiye da ɗaya. Na ce me ya sa ba ta faɗa mini ba.

"Ai ba ki tambaya ba, Likita."

Ba da gatse ta faɗa ba. Da ma da gatsen ne, da ya fi mini sauƙi.

Ƙwai biyu suka fito, duka biyun suka haɗu da maniyyi. Ɗaya ya bi bututu ya isa mahaifa ya zauna. Ɗayan ya maƙale a hanya, ya yi ta girma a wurin da faɗinsa bai kai na fensir ba, har ya fasa shi. A littafi sunansa heterotofik. Wahalarsa ita ce cikin da yake daidai shi yake rufa wa ɗan'uwansa asiri: gwajin sinadarin ciki yana hawa yadda ake so, sikanin yana nuna zuciya, kowa hankalinsa ya kwanta. Allurar metotireksat da muke narkar da cikin bututu da ita in bai fashe ba, nan ba ta da wuri, don ba ta san na ciki da na waje ba, duka za ta kashe. Balle ma wannan ya riga ya fashe. Tiyata kawai.

Na kira babban likita, na sa aka ɗaura ruwa a hannu biyu, aka kai jini gwaji. Mijin na same shi a baranda. Da na ambaci tiyata ya miƙe tsaye.

"Likita, yanzun nan fa kika ce mana lafiya lau."

Na ce haka na ce, kuma ban duba da kyau ba. Ban san daga ina maganar ta fito ba, ban shirya ta ba. Ya dube ni, ya yi shiru, sannan ya ce, "To na cikin mahaifar fa?" Na ce za mu lallaɓa shi iya ƙoƙarinmu, amma in ba mu shiga yanzu ba har uwar za a rasa. Ita da kanta ta sa hannu a takarda, hannun yana rawa, shi ma ya sa.

Da aka buɗe, jini ya yi ambaliya, tsoho da sabo, guda-guda. Mun auna abin da aka zuƙo, ya haura lita ɗaya. Bututun hagu ya tsage a tsakiya, yana ta tsartuwa. Babban likita ya kama shi da almakashin matsewa, nan take zubar ta tsaya. Duk tsawon aikin abu biyu yake maimaita mini: kar in taɓa mahaifa, kar in kusanci ma'ajiyar ƙwai. A sati takwas mabiyiya ba ta gama karɓar aiki ba, ɗan ƙullutun da ke kan ma'ajiyar ƙwai ne yake samar da yawancin sinadarin furojestaron da ke riƙe cikin. A cire shi ko a ji masa rauni, an jefa na mahaifar cikin haɗari. Ni dai na riƙe ƙarfen buɗewa, hannuna ya sage, ban yarda na motsa ba. Leda biyu ta jini aka ƙara mata.

Yana ɗinki yake ba mu labarin Lawson Tait, kamar yadda ya saba in hankalinsa ya kwanta. A 1883, a Bamingham ta Ingila, shi ne ya yi nasarar buɗe cikin mace ya ɗaure bututun da ya fashe ya cire, ta tashi. Kafin nan yawanci kallo ake yi har mace ta cika. Aikin da muka yi yau, in ka cire maganin barci mai kyau da ƙarin jini, kusan shi ne dai nasa.

Bayan la'asar na tura na'ura har bakin gadonta. Na daɗe ina nema, ko kuwa ni ce na ga kamar an daɗe. Sai ga walƙiyar nan. Sista ta ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi har na gadon kusa ta waiwayo.

A ofis babban likita ya ce, "Wannan sai ki rubuta shi, a aika mujalla." Gaskiya ita ce wani daɗi ya tsarga mini. Sunana a mujalla! Kafin in kai ƙofa har na fara tsara take. Sai a matakala na tuna cewa in da Sista ta je hutun rabin awa a lokacin nan, da matar tana gida, da kuma wani rahoton daban ake rubutawa da sunana a ciki.

Na zauna na ɗan yi karatu kafin in koma wurinta. Adadin da kowa yake haddacewa na yawan irin wannan cikin, ɗaya cikin 30,000, ashe ba ƙirga mata aka yi ba. Lissafi ne na 1948: aka ɗauki yawan cikin bututu na wancan zamani aka ninka da yawan tagwayen ƙwai biyu. Tun daga nan cikin wajen mahaifa ya ƙaru, yanzu ana maganar ɗaya zuwa biyu cikin kowane ɗari, ga magungunan neman haihuwa sun yaɗu. A wajen waɗanda aka yi wa dashen ƙwai, akwai rahotannin da suka kai shi ɗaya cikin 100. Wato lambar da ta sa na ajiye na'ura ta girmi mahaifiyata, kuma ba da irin matar da ke gabana aka lissafa ta ba.

Da safe na yi ta kirarin bincike mai mata dubu ɗari biyu, har a zuciyata ina raina rahoton mutum ɗaya, ina ganin na masu neman ƙarin girma ne. Har yanzu ina ganin da yawansu haka ne. Amma irin wannan ciwo ba wanda zai tara mata dubu ya raba su gida biyu ya gwada. Abin da aka sani a kansa daga ɗaiɗaikun rahotanni aka tsinto. Talidomaid ma, maganin da aka riƙa ba masu ciki saboda tashin zuciya, haka aka kama shi. A ƙarshen 1961 William McBride, likitan mata a Ostireliya, ya aika 'yar gajeriyar wasiƙa zuwa mujallar The Lancet cewa yana ganin jarirai masu nakasar hannu da ƙafa a wajen matan da suka sha maganin, a daidai lokacin da Widukind Lenz yake faɗar haka a Jamus. Kafin a janye shi jarirai fiye da 10,000 sun samu illa. Abin da ya biyo baya kuma shi ne tsoro: shekara da shekaru ana cire masu ciki daga gwajin magunguna, har yau magunguna da yawa muna ba su ne da ɗan abin da aka tattara bayan an riga an sha.

Bayan isha'i na koma da takardar neman izini. Ta farfaɗo sosai, leɓenta ya fara yin ja. Na zauna a bakin gado na yi mata bayani: ba suna, ba hoton fuska, ba abin da zai sa a gane ta, kuma in ta ƙi ba abin da zai canza a kulawar da ake mata. Ta saurara har na gama. Sai ta yi tambayar da ba ta cikin takardar.

"Ke nan tagwaye ne?"

Na ce eh.

"Shi wancan ɗin, ya yi zuciya?"

Na ce ban gani ba, lokacin da na duba ya riga ya fashe. Ta juya fuska bango. Duk yinin nan mu a bakinmu dunƙule ne, bututu ne, abin da aka cire aka sa a kwalba aka kai ɗakin gwaji. Ita kuwa shekara shida take jira, aka ba ta biyu, aka karɓi ɗaya kafin ta san da shi. Ba wanda ya yi mata gaisuwar rashi a cikinmu, sai barka da arziki. Na ce, "Allah Ya ba ki haƙuri, Hajiya, Ya raya na cikin." Ta ce amin, hawaye yana gangarowa cikin kunnenta.

Ta tambaye ni ko wannan zai zauna. Na gaya mata abin da na karanta, cewa a irin haka kusan biyu cikin uku suna kaiwa haihuwa, kuma kwanakin nan na farko su ne abin lura. Ban ƙara gishiri ba. Na riga na ce mata "lafiya lau" sau ɗaya yau.

Takardar kuwa ta ce in bar ta a nan, za su yi shawara da maigidanta. Har na kai ƙofa ta kira ni.

"Likita, in kin rubuta, za ki sa cewa da farko kin ce in tafi gida?"

Na ce zan sa. Ta ce to.

Na biya ta teburin Sista in yi mata godiya, na tarar ta tashi tun takwas. Na rubuta a fayil cewa a auna bugun zuciya da awon jini duk awa biyu, a kira ni in bugun ya haura 100. Wayata tana nan kusa da matashi. Gobe ƙarfe bakwai zan sake tura na'urar.