Wasiƙa daga Bremen: kwalbar nan mai hoton tuffa ba lemo ba ce

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa lafiya. Gaisuwar ta tsaya nan don tambayoyinku sun taru, wannan ya ce ya aiki, wancan ya ce ya maganar takardu, amma wadda kuka fi damuna da ita wai yaya muke zama a nan Jamus da mutanen da giya ta zame musu kamar shayi. Bari na fara da ita, sai mu taɓo sauran.

Giyar nan mai kumfa da kuka sani ba ita ce abin tsoro ba wallahi, kana hango ta ka san ta. Wadda ta kusa kayar da ni sunanta Apfelkorn. Apfel shi ne tuffa, Korn kuma barasa ce fara tas kamar ruwa da suke tacewa daga hatsi, ƙarfinta ba ya kasa kashi 32 cikin ɗari. To a 1976 kamfanin Berentzen na garin Haselünne, can wajen iyakar Holan, ya gauraya ta da ruwan tuffa, ƙarfin ya sauko wajen kashi 18, zaƙi ya rufe zafin, shi ke nan waɗanda ba sa iya haɗiye Korn zalla suka samu nasu.

A watan Fabrairu abokan aikina suka gayyace ni wata al'adarsu ta nan arewacin Jamus wai ita Kohlfahrt. Jama'a ku ji, manya da hankalinsu su fita bayan gari a ƙafa cikin sanyin da ko hunturun Jos bai kama ƙafarsa ba, suna jan 'yar amalanke cike da kwalabe, kowa ya rataya ɗan finjali a wuya da zare kamar laya, an yi tafiya kaɗan a tsaya a tsiyaya, an yi kaɗan a tsaya, har a ƙare a gidan abinci a ci wani ganye dangin kabeji da naman alade. Ni dai safa biyu na saka amma yatsun ƙafata tun a hanya suka daina amsa sallama, hanci na zuba, kunne kamar an yanka da reza, su kuwa sai dariya suke.

Ana cikin haka wata baiwar Allah ta miƙo min finjali, na ga hoton tuffa a jikin kwalbar, kalarsa kuma sak lemon kwali. Har na kai bakina wari ya bugi hancina. Na ce mata ni fa ba na shan giya, ta ba ni haƙuri sosai, amma abin da ya ɗaure min kai cewa ta yi ai wannan mai zaƙi ne kawai. A wajenta bai ma kai a kira shi giya ba, alhali doka ba ta yarda a sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 ba, ita kuwa mai kumfar tun daga 16 ake saya.

Don haka ƙannena masu shirin tahowa karatu, kar hoto ya ruɗe ku. Apfelsaft ruwan tuffa ne zalla, Apfelschorle shi ne wanda aka sirka da ruwa mai gas, shi nake sha kullum. Apfelwein na mutanen Frankfurt giya ce. Ka juya kwalba, in ka ga lamba da "% vol" ajiye musu kayansu. Kuma ba sai ka ƙirƙiro ciwon olsa ba, faɗa musu gaskiya sau ɗaya, ni dai tun ranar duk taron da za a yi sai na tarar an tanadar min Schorle ɗina.

Aiki alhamdulillah. Takardu kuwa ku bar ni tukuna, har yanzu jiran ranar ganawa nake. Duk mai tahowa don Allah ya riƙo min kuka da daddawa.