Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gadon da Ba a Raba Shi a Gaban Alƙali

Makon jiya na tsaya a inda aka sake shiga da Yaya tiyata, bayan ƙullutun da aka cire mata a nono a wancan ƙaramin asibitin ya dawo cikin wata bakwai. Na gaya muku yadda suka zubar da tsokar farko ba tare da an kai ta gwaji ba, suka ce mana kitse ne kawai. Har yau in na tuna sai na ji ƙirjina ya yi zafi. To wannan karon ni da kaina na tsaya a bakin ƙofa, ko sallar azahar ban motsa na yi ba sai da aka fito.

Wata nas ce ta miƙo mini roba mai jan murfi, an naɗe bakinta da filasta, an rubuta sunan Yaya da biro. Tsokar 'yar uwata ce a ciki, tana nutse cikin ruwan fomalin, wanda warinsa ke sa ido hawaye ko da murfin a rufe yake. Likita ya ja mini kunne sosai. Ya ce an saka ta a ruwan kafin awa ɗaya ta cika da yankewa, kuma kada ta wuce kwana uku a ciki ba a fara aikinta ba, domin in ta lalace gwajin zai yi ƙarya. Na rufe robar da hijabina, na ɗora a cinya cikin adaidaita sahu, duk ramin da muka faɗa sai na ƙara riƙe ta da hannu biyu.

Sati uku muka jira. Da takardar ta fito, na buɗe ta tun a baranda. Layi uku ne a ƙasa: ER, PR, HER2, kuma gaban kowanne an rubuta negetif. Wallahi hamdala na yi da ƙarfi. Duk gwajin da na sani a rayuwata, na ƙanjamau, na ciwon hanta, na maleriya, negetif albishir ne. Na shiga ofishin likita fuskata a sake, na tarar tasa ba haka take ba.

Ya ce, "Malama, zauna tukuna."

Ya yi mini bayani a hankali, ni kuma da nake koyar da bayoloji a sakandare na ji kamar ranar na fara shiga aji. Sankarar nono ba iri ɗaya ba ce. Wata tana da baki da take shan sinadarin mata da shi, istirojin ko furojestaron, da su take girma. Bakin nan shi ne ER da PR. In an same shi, akwai ƙwaya mai suna tamoksifen da ke toshe shi, ana sha ɗaya kullum shekara 5 zuwa 10, kuma ba ta fi ƙarfin talaka sosai ba. Wata kuma tana da HER2 da ya yi yawa, kamar mace ɗaya cikin biyar ko shida. Da can wannan tana cikin mafi muni, sai aka samo allurar tirastuzumab, wadda Amurka ta amince da ita a 1998, ta sauya labarin mata da yawa, ga wadda ke da kuɗinta. Ta Yaya ba ta da ko ɗaya cikin ukun. Ba bakin da za a toshe, ba wuyan da za a kama. Likitoci na ce mata tiriful negetif, wato ukun duka babu. Tana da saurin yaɗuwa, ta fi kama mata masu ƙarancin shekaru, kuma ta fi yawa a mata baƙar fata. Abin da ya rage mana shi ne kemo, wato magani mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin sankara, da gasa wurin ciwon da hasken na'ura.

Sai ya jawo farar takarda ya tambaye ni shekarun Yaya. Na ce talatin da shida. Ya zana da'ira ya cike ta da baƙi, alamar mai ciwon. Ya ce mace da'ira, namiji murabba'i, in lissafo masa dangi. Na fara da ɓangaren Inna, don a tunanina ciwon mata ta wajen uwa yake zuwa. Inna lafiya lau, ƙannenta mata huɗu lafiya, kakarmu ta haura tamanin tana tsinkar zogale da hannunta. Ya ce, to dangin Baba fa?

Nan na yi shiru. Gwaggo Babba ta rasu ina aji uku a firamare, ba ta kai arba'in da biyar ba. Abin da na riƙe shi ne ɗakinta da ake turara wa kajiji dare da rana saboda warin miki, da mai magani da ke zuwa da ƙullin saiwoyi, da yadda aka hana a kai ta asibiti wai daji ba ya son allura. Ita kuwa mahaifiyar Baba ban san ta ba. Abin da ake faɗa shi ne cikinta ya kumbura ya cika da ruwa kamar mai juna biyu, alhali ta daina haihuwa, aka ce jifa ne. Likita ya cike da'ira biyu da baƙi. Ya ce irin wannan kumburin sau da yawa sankarar ma'ajiyar ƙwan mace ce ke kawo shi. Sannan ya ja layi daga kaka, ya bi ta kan murabba'in Baba da yake fari fat, ya sauko kan Yaya.

Na ce, "Likita, Baba ko farasitamol bai cika sha ba."

Ya ce, "Ba sai ya yi ciwon ba yake bayarwa."

Daren nan ban runtsa ba. Na ɗauko littafin da nake koyarwa da shi, na haɗa da waya, ina karatu har aka kira assalatu. Bari in ba ku shi yadda na fahimta, don na san akwai mai karanta wannan da ke da irin zanen nan a gidansu bai sani ba. Kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu tana ɗauke da wasu zaruruwa 46 da ake kira kuromozom, rabi daga uwa rabi daga uba, kuma a jikinsu aka rubuta ƙwayoyin gado wajen 20,000. Duk sanda ƙwayar halitta za ta rabu biyu sai ta kwafe rubutun nan kaf. Wanda ya yi makarantar allo ya san mai kwafa ba ya rasa kuskure, wasali ya faɗi nan, ɗigo ya ƙaru can, shi ya sa malam ke duba allo kafin a biya. Wasu ƙwayoyin gado biyu da ake kira BRCA1 da BRCA2 aikinsu ke nan, gyaran rubutun da ya karye. Kowa na da kwafi biyu na kowannensu, ɗaya na uwa ɗaya na uba. Wanda ya gaji guda a lalace, ɗayan na riƙe da aikin, yana iya yin shekaru sittin lafiya ƙalau. Amma ranar da na biyun ya lalace a ƙwayar halitta ɗaya tak ta nono, ba mai duba allo kuma, kurakurai su yi ta taruwa har su zama ƙullutu. Wani likita Ba'amurke, Alfred Knudson, shi ya fara bayyana wannan bugu biyun a 1971, a kan sankarar idon yara.

Abin da ya fi taɓa ni, mace ce ta kafe a kan maganar lokacin da manyan masana ke ganin ɓata lokaci ne. Mary-Claire King ta yi shekaru goma sha bakwai tana bin iyalai masu irin zanenmu, har a 1990 ta nuna cewa abin na zaune a kuromozom na 17. A 1994 aka karanta BRCA1 ɗin kansa, a 1995 kuma masu bincike a Ingila suka fito da BRCA2 daga kuromozom na 13. A Amurka kusan mace ɗaya cikin takwas ce ke gamuwa da sankarar nono a tsawon rayuwa. Ga mai ɗauke da lalataccen BRCA1 kuwa, lissafin na kaiwa kashi 55 zuwa 72 cikin ɗari, na ma'ajiyar ƙwai kuma wajen kashi 40. Na daɗe ina kallon alƙaluman nan. Na kuma lura ba ɗari bisa ɗari ba ne, na riƙe wannan da kyau.

Da na ɗauka duk labarin Turawa ne, sai na ci karo da sunan Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ta yi karatun likitanci a Badun, take aiki a Jami'ar Shikago. Ita da abokan aikinta sun gwada mata 1,136 masu sankarar nono a Badun, suka fitar da sakamakon a 2018: kashi 7 cikin ɗari na da lalataccen BRCA1, kashi 4 da ɗoriya na da BRCA2, in an haɗa da sauran ƙwayoyin gado ya kusa kashi 15. Alhali abin da aka saba faɗa a duniya kashi 5 zuwa 10 ne na gado. Matan ƙasarmu ne waɗannan. Na ajiye wayar na yi kuka, saboda Gwaggo, wadda ta mutu tana zargin maƙwabciyarta.

Gwajin ba ya samuwa a garinmu. Sai da aka ɗebi jinin Yaya aka tura Legas, daga can aka wuce da shi ƙasar waje. Na sayar da awarwarona na aure, mijinta ya sayar da bijimin da yake kiwo don layya. Muna jira tana shan kemo, gashin kanta na zuba a kan matashi, ni ke tattarawa da asuba kafin ta farka don kada ta gani. Bayan sati shida sakamako ya zo. BRCA1 ne.

Kai maganar gida ya fi mini ɗaukar robar nan nauyi. Tun da ciwon ya bayyana Inna ta daina cin abincin kirki, kullum faɗi take, "A nonona ta sha, ni na ba ta." Dangin mijin Yaya kuma sun riga sun yanke hukunci cewa kishiyarta ce ta yi mata sammu, har an daina cin girkin baiwar Allah, ita da ke wanke wa Yaya kwanon amai. Na zaunar da Inna na ce, "Inna, ba a nono ake sha ba. Shayarwa ma rage haɗarin take yi. Wannan abin tun ranar da aka ƙaddara cikin Yaya yake, kuma ba ta wajenki ya zo ba." Ta dube ni ta ce, "To ta wajen wa?" Na kasa amsawa. Ta gane da kanta, ta sa bakin mayafi ta rufe fuska.

Baba na same shi a zaure bayan isha'i, Baffa na gefensa. Na durƙusa na shimfiɗa takardar zanen a kan tabarma, na haska da fitilar waya. Na ce masa wannan gadon ba kamar na Suratun Nisa'i ba ne da namiji ke ɗaukar rabon mata biyu. A nan kowane ɗa, mace ko namiji, rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Mu tara ne a wajensa. Na ce ba kamar sikila ba ce da sai uwa da uba sun haɗu, shi wannan ɓangare ɗaya ya isa. Maza ma ba su tsira gaba ɗaya ba, akwai haɗarin sankarar wata tsoka da ke ƙarƙashin mafitsara, wadda likitoci ke ce wa furostet, har da ta nono, ko da yake BRCA2 ya fi kawo musu wannan.

Baffa ne ya fara magana, ransa a ɓace. Ya ce, "Ke yanzu so kike a ce mana gidan masu daji? 'Yan mata nawa ke gidan nan ba aure? Naɗe takardarki. Abin da Allah Ya rubuta ba makawa."

Ban ga laifinsa duka ba. Na san garinmu, na san yadda magana ɗaya ke fasa baiko. Amma na ce, "Baffa, Allah Ya ba ka haƙuri, shirun da aka yi a kan Gwaggo shi ya kai mu nan." Na gaya masa wadda aka san tana ɗauke da shi ana fara yi mata hoton MRI duk shekara tun tana ashirin da biyar, a ƙara da hoton nono daga talatin, in ta gama haihuwa a cire mata ma'ajiyar ƙwai tsakanin talatin da biyar zuwa arba'in. Wadda ba ta ɗauka ba ta huta da wannan gadon, 'ya'yanta ma sun huta ta wajenta. Yara ƙanana ba a gwada su, sai sun girma sun zaɓa da kansu. Kuma ba wanda ya ce a yi shela a kasuwa, magana ce ta cikin gida. Da Yaya ta sani tun tana ashirin da biyar, da ba wanda zai ce mata kitse ne ta yarda.

Baba bai ce uffan ba, carbinsa kawai yake ja. Can sai ya matso da takardar, ya ɗora yatsa a kan da'irar mahaifiyarsa, ya bar shi a wurin. Da ya buɗe baki muryarsa ta sauya. Ya ce, "Tana da ƙanwa da aka aurar a ƙauye. Ita ma nono ne. Ba ku san ta ba." Ya ce in ƙara da'ira. Na ciro biro daga jaka na zana, hannuna na rawa. Ya ce ta bar 'ya'ya mata uku, yana da lambar babban ɗanta, gobe in Allah Ya kai mu shi zai kira da kansa. Baffa ya tashi ya sa takalmi ya fita ba sallama.

Kwana tara bayan nan na koma asibiti ni kaɗai, na bar 'yata ta goye wajen Inna. Tunda an riga an san gurbin da ya lalace a jinin Yaya, nawa gwajin wuri ɗaya kawai za a duba, kuɗinsa ma bai kai nata ba. Nas ta ɗaure mini dantse da roba ta ce in dunƙule hannu. Ta tambaye ni ko maigidana ya san na zo. Na ce mata a'a.

Yadda ya ji, da abin da takardata ta ƙunsa, sai mako mai zuwa in Allah Ya yarda.