Tambaya mai zaɓi huɗu da abin da ta koya mini

Da na fara bincike kan yadda burin al'umma ke sauyawa, na raina ma'aunin marigayi Ronald Inglehart, masanin siyasa na Jami'ar Michigan, domin bai wuce tambaya ɗaya ba. A 1970 aka fara yin ta a ƙasashe shida na Yammacin Turai. Za a jera maka abu huɗu ka zaɓi biyu: tabbatar da doka da oda, yaƙi da tashin farashi, ba jama'a ƙarin damar sa baki a manyan shawarwarin gwamnati, da kare 'yancin faɗin albarkacin baki. Wanda ya ɗauki biyun farko, hankalinsa na kan tsaro da abin sawa a baka. Wanda ya ɗauki biyun ƙarshe, 'yanci ya fi damunsa.

Hujjar Inglehart ita ce mutum ya fi daraja abin da ya rasa, kuma halin da ya tashi a ciki yana binsa har tsufa. Shi ya sa waɗanda suka ɗanɗana wahalar Yaƙin Duniya na Biyu suka bambanta da 'ya'yansu da suka girma cikin wadata.

Wani dare na zana alƙaluman, sai na ga masu zaɓen 'yanci sun ragu bayan 1973, alhali bisa hujjar Inglehart ƙaruwa ya kamata su yi yayin da matasa ke maye gurbin tsofaffi. Washegari na garzaya wurin malamina na ce, "Malam, maganar nan ta rushe." Ya ɗan duba takardar ya ce, "Je ka ɗora hauhawar farashi a kai." Na ɗora. Duk inda farashi ya hau, layina ya sauka. Ashe tasirin rikicin man fetur na 1973, wanda ya tayar da farashi, nake kallo. Da na raba mutanen bisa shekarar haihuwa kuwa, kowane rukuni ya sauka ya kuma hau tare da sauran, amma tazarar da ke tsakanin tsofaffi da matasa tana nan daram.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da babu a cikin huɗun nan: rashin aikin yi. Harold Clarke da Nitish Dutt sun nuna wannan giɓi a 1991. Magidancin da aka sallama daga aiki a lokacin da farashi ke kwance, me zai zaɓa? Wataƙila ya ce a ba jama'a damar sa baki, don a ji kukansa, mu kuma mu rubuta shi cikin waɗanda suka ƙoshi. Tun daga nan, kafin in ƙirga kowace amsa, sai na fara binciko halin da ake ciki a shekarar da aka ba da ita.