Ƙofar da muka sa wa lungunmu a Liverpool

Gidajen unguwarmu a jere suke, bango da bango, kuma bayan kowane layi akwai siririn lungu da ake fitar da shara ta cikinsa. Ta nan ɓarawo ya haura mini katanga sau biyu a hunturu guda. Da safe kuma ka tarar da kwalabe da allurai, wata rana har tsohuwar katifa.

Da farko na ɗauka ƙofa da kwado kawai za mu saya. Ashe lungun hanyar jama'a ce, kowa na da haƙƙin bi ko ba ɗan unguwa ba ne. Dokar 2005 ce ta ba ƙananan hukumomi a Ingila ikon sa irin wannan ƙofa, sai dokar 2014 ta kawo sabon tsari: izinin ba ya wuce shekara 3 sai an sabunta, dole a tuntuɓi 'yan sanda, a kuma duba ko masu wucewa suna da wata hanyar. Don mu sami hujjar neman izinin, sai muka buɗe littafi, duk abin da ya faru mu rubuta rana da lokaci. Na bi gida-gida ina faɗa wa maƙwabta cewa binciken da aka buga a 2004 ya nuna fasa gida ya ragu da kusan kashi 37 cikin ɗari a lungunan garin nan da aka rufe.

An sa ƙofar ƙarfe, an ba kowane gida makulli. Barci ya dawo mana, yara suka samu wurin wasa, wasu har tukwanen furanni suka jera. Amma wata uku ba su cika ba muka fara tarar da ita a wangale, an tokare da bulo saboda kasalar ɗaukar makulli. Sai da muka raba aikin dubawa tsakaninmu kowane dare.

Abin da har yau yake damuna wata dattijuwa ce daga layin baya. Ta lungunmu take yankewa zuwa tashar bas, tana dogara sanda. Gidanta bai jingina da lungun ba, don haka ba ta cikin masu makulli, ni kuwa ban taɓa ƙwanƙwasa mata ƙofa ba. Masu kuka da ɓarayi kaɗai na saurara. Da lokacin sabunta izini ya zo, sai na fara zuwa layinsu da takardar neman izinin, muka nemi a riƙa buɗe ƙofar da rana, a kulle idan magariba ta yi.