Godiya ga waɗanda suka tsaya mana, daga jinga har zuwa rufin ɗaki

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, iyalan da ambaliyar daminar 2022 ta kora daga gidajensu a garinmu na gaɓar kogin Haɗeja sun koma ɗakunansu. A madadin kwamitin sake gini, muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu.

Farko matasan da suka kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa. Sun bi shawarar dattawa: ba a cika buhu maƙil, kashi biyu cikin uku ake zubawa, a naɗe bakin ta ƙasa, a jera kamar bulo, kowane buhu ya hau mahaɗar biyun da ke ƙarƙashinsa, a tattake. Inda aka cika buhu tam, ta tsakani ruwa ya riƙa tsiyaya. Sai masunta da suka kwashe tsofaffi da masu jego a kwalekwale ba su karɓi ko sisi ba, da matan da suka riƙe tukunya a sansani, da ma'aikatan lafiya da suka nace a tafasa ruwan sha, suka koya wa iyaye haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wannan ya ceci yara da yawa daga amai da gudawa. Allah ya saka muku da alheri.

Godiya ta musamman ga maginanmu da injiniyoyin sa-kai, domin su ne suka hana mu maimaita kuskure. Sun zaga da mu cikin kangaye, suka nuna mana cewa yawancin ɗakunan ba ƙarfin ruwa ne ya ture su ba. Ruwa ne ya kwanta kwana da kwanaki, gindin bangon ƙasa ya sha ya yi laushi, nauyin rufin soro ya danne shi, ɗaki ya zauna. Shi ya sa ɗan kuɗin da ’yan'uwanmu na Kano, Abuja da Legas suka tara, a gindin gini aka zuba mafi yawansa.

An fara da neman shaidar ruwa, wato alamar inda ambaliya ta kai, a jikin masallaci da kututturen bishiyoyi, aka auna, aka ɗaga daɓen kowane ɗaki aƙalla ƙafa ɗaya sama da ita. Harsashi kankare ne, siminti 1, yashi 3, tsakuwa 6, a kansa bulo mai inci 9 da aka cike ramukansa, har ya kai tsayin daɓen. Cikon ciki da jan birji ake yi, a zuba inci 6, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, sannan a ƙara. Wanda ya zuba cikon gaba ɗaya, bayan damina ɗaya daɓensa zai lotsa ya tsage. Kafin a ɗora bango sai an shimfiɗa leda mai kauri a kan bulon, don kada danshi ya hau.

Daga nan zuwa sama ƙasarmu ce, wadda ta fi bulo sanyi a bazara kuma ta fi arha. Sai dai ba kowace ƙasa ba. Ana zuba ta a kwalba da ruwa, a girgiza, a bar ta ta kwana: yashi ya kwanta a ƙasa, yumɓu a sama. In yumɓu ya yi yawa tubali zai tsattsage, sai a ƙara yashi. Buhun siminti ɗaya ana gauraya shi da kwanon lebura kamar 30 na ƙasa tankaɗaɗɗiya, da ruwa kaɗan, yadda in ka dunƙula a hannu za ta kama ba ta jiƙa tafin ba, sannan a matse a injin hannu. Tubalin yakan yi mako guda a rufe da leda ana ba shi ruwa, ba a gini da shi sai ya cika mako huɗu. An yi gaggawa da kashin farko, aka shanya shi a rana tun kwana biyu, ya riƙa marmashewa a hannu, dole aka sake. Mun gode wa maginan da suka ƙi ɗora shi duk da matsin lamba.

Bakin kwanon rufi ya zarce bango da ƙafa biyu, katako an shafe shi da maganin gara, an ɗaure shi da waya a jikin bango saboda iskar farkon damina. Rumbuna an ɗaga su a kan duwatsu. Masai kuma an gina bakinsa sama, nesa da rijiya da aƙalla mita 30.

Muna gode wa hakimi da dagaci da suka raba filaye a kan tudu, da waɗanda suka haƙura suka bar gidan gado da ke bakin kwari. Mun san ba ƙaramin abu ba ne.

Saura aikin kogin. Ruwan da ke saukowa daga madatsun ruwa na Tiga da Challawa yana tarar da hanyarsa a toshe da ciyawar kachalla da yashi, sai ya fantsama cikin gonaki da gari. Muna roƙon gwamnatin Jigawa da hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are a riƙa yashe hanyoyin ruwan tun da rani. Mu kuma gayyar gyaran jinga da kwalbatoci za ta ci gaba kafin ruwan farko. Mai baro ya zo da baronsa, mai shebur da shebur ɗinsa.